Wai Kakansa Bawa Ne. To, Sai Me?

Duk lokacin da aka zo zaɓen shugaban 'yan kasuwa, ko wanda zai tsaya mana takarar kansila, sai raɗa ta tashi a majalisa: "Ai wane ba shi da asali, kakansa saye shi aka yi." Manyanmu suna ji, su yi gum. Wannan shirun nasu muke tuhuma.

In ka tanka wa masu raɗar, sai su ce ai hana bauta tsarin Nasara ne. To, mu ma ba mu wanke Bature ba. A nan Legas ya tumɓuke Kosoko a 1851, ya mayar da Akitoye, wanda ya sa hannu kan daina cinikin bayi a 1852, a 1861 kuma ya haɗiye garin. A Arewa, dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa, ta bar iyayensu a hannun iyayengijinsu sai sun fanshi kansu, don kada a ɓata da sarakuna. Sai 1936 aka soke bauta ɗungurungum. Shekara 35 ana jan ƙafa, saboda mai mulki, fari ko baƙi, kujerarsa yake fara dubawa.

Amma wa ya ce sai da Bature ya zo muka san darajar ɗan Adam? Tun 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a kama mutanensu ba. Zakka tana da kaso na 'yanta bayi. Manzon Allah (SAW) ya ba Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa, tutar yaƙin Mu'uta, ya kuma ɗora ɗansa Usama kan rundunar da manyan Sahabbai ke ciki. Mu ne muka fi su sanin asali?

Kuma mu tuna, da yawa daga Hausawan farko a garin nan a ɗaure aka kawo su. Daga bayin da suka gudu Gwamna Gulba ya haɗa dakarunsa na Hausawa. Wanda ke tonon kakan wani, ya tabbata ya san duk nasa.

Mu baƙi ne a nan, ƙuri'unmu ba su da yawa. In muka raba su tsakanin 'ya'ya da bayi, ranar da za a zo rushe mana rumfuna ba mu da mai tsaya mana.

Don haka muna kira ga Sarkin Hausawa da limamanmu su faɗa da bakinsu, a fada da kan mumbari, cewa amana da iya aiki za a duba. Wanda ya sake kawo zancen kaka, a tashe shi daga taron. Allah Ya sa mu gane.