Zagi Da Rana, Ƙwanƙwasa Ƙofa Da Dare

Duk wanda ya daɗe a Ayigya Zango ya san irin wannan safiyar Asabar. Mutanen wata coci su zo su kafa rumfuna a bakin fili, su jera kujerun roba, su fito da na'urar awon jini da kwalayen magani da tabarau na masu raunin gani. Kafin hantsi layi ya miƙe. Su wa ke cikinsa? Iyayenmu mata da mayafansu, tsofaffinmu da carbi a hannu, da mai koko wadda ta bar wa 'yarta tukunya ta garzayo a duba mata hawan jini. Da azahar a kwashe rumfuna. Da magariba kuma a kafa majalisar tsinuwa a ƙofar masallaci: makirci ne, tarko ne, sun zo sayen imani da ƙwayar ciwon kai. Sau da yawa mai tsinuwar yana da sabon tabarau a aljihun rigarsa.

Da wannan majalisa muke magana yau, wato da kanmu, domin babu wanda bai taɓa zama a cikinta ya gyaɗa kai ba.

Mu ba baƙin jiya ba ne a ƙasar Tonawa. Fataken goro daga Kano da Katsina sun san hanyar Gwanja da kasuwar Salaga tun kafin Ingilishi su ƙone Kumasi a 1874. Akwai malamai Musulmi masu rubuta wa Sarkin Tonawa wasiƙu tun kafin Thomas Birch Freeman, ɗan mishan na Methodist, ya taka garin nan a 1839. Mun riga su zuwa, mun riga su riƙe alƙalami a nan. To, sai mu duba abin da suka yi da makararsu. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel ya yi zaman fursuna a hannun Tonawa daga 1869 zuwa 1874, amma ya komo Kumasi a 1896 ya kafa coci da makaranta. Mutanensa suka buɗe asibitin Agogo a 1931, wanda har yau masu ciwon ido suke niƙa gari su tafi. Aka buɗe Prempeh College a 1949, Opoku Ware da St. Louis a 1952, kuma St. Louis ɗin ga ta nan Oduom, a kan hanyar Accra da muke bi kullum. A 1967 suka haɗa asibitocinsu ƙarƙashin ƙungiya guda, CHAG. A yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji, ƙungiyoyin agajin coci suna cikin masu rabon abinci, kuma cikin gidajen da suka ci akwai namu. Yabon gwani ya zama dole. Matar da ta haihu lafiya a hannun sista a Pramso ba za ta yarda da kai ba in ka ce mata sharri kaɗai ke can.

Kada wani ya ce mun manta ɗaya ɓangaren. Ɗan mishan bai taɓa ɓoye cewa da bishara ya zo ba, kuma tsoron da ya sa kakanninmu suka hana 'ya'yansu makarantar Nasara yana da tushe: an ga yaran da suka shiga da suna ɗaya suka fito da wani. Har yau ma maganar ba ta mutu ba. A azumin 2021 makarantar Wesley Girls ta Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi, hukumar ilimi ta ce a bar ta, cocin Methodist ta ƙi. Alhali albashin malaman irin waɗannan makarantu daga baitulmalin ƙasa yake fita, kuma a ciki akwai harajin mahaucin Zango da na mai sayar da goro a Kejetia. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Duk inda aka ce wa mayunwaci sai ya ɗaga hannu ya karɓi wani addini kafin a miƙa masa shinkafa, wannan ciniki ne da yunwar mutum, kuma za mu faɗa a gaban kowane fasto.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya kai gwauruwar Zango layin rumfar? Ciwo ne, da katin inshorar lafiya da ya mutu ba ta da abin sabunta shi, da kuma sanin cewa in ta je ƙofar Alhaji za a ce ta dawo bayan Juma'a.

Ga inda ɗakinmu yake yoyo. Ba rowa ce ke damunmu ba, don Bahaushe yana kyauta har ya manta da kansa. Dubi abin da ake liƙawa a biki ɗaya, da ankon da ake yankawa, da Umarar da wasu suke maimaitawa kowane azumi. Kyautarmu ta hannu da hannu ce, tana ƙarewa ranar da aka yi ta. Zakka, wadda rukuni ce ta addini, mun mai da ita canjin da ake rabawa a bakin ƙofa, kowa ya samu abin da ba zai kai shi gobe ba. Su kuwa kwabo-kwabon Lahadi suke tarawa, a rubuta a littafi, a naɗa kwamiti, a karanta lissafi a gaban jama'a, in fasto ya mutu asibiti ya ci gaba. Mu in Alhajin da ya gina makaranta ya rasu, kafin a yi sadakar arba'in makarantar ta shiga rabon gado, ajujuwa su koma ɗakunan haya.

Abin takaicin shi ne maganin wannan ciwo yana cikin littattafan da malamanmu suke karantarwa. Sunansa wakafi: dukiyar da aka tsare, ba a sayar da ita, ba a gadonta, amfaninta kawai ake ci. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina. Sayyidina Umaru ya yi haka da gonarsa ta Haibara. Babi ne da ake karantawa a zaure, a rufe littafi, a tafi a aza harsashin masallaci na uku a layin da na farkonsa ba ya cika da asuba. Shekarun da muka kashe muna jayayya kan wane ne zai bi wane salla sun isa a gina asibitin haihuwa a kowane zango na Kumasi. 'Yan Ahmadiyya, ko me za mu ce game da aƙidarsu, sun buɗe sakandarensu a garin nan tun 1950. Sashen makarantun Islamiyya na hukumar ilimi sai 1987 ya samu. Yanzu kuma mun zuba wa Asusun Raya Zango na 2017 ido, kamar gwamnati ce aka wajabta wa zakka.

Karɓar alheri daga Kirista ba ya zubar da imanin kowa. Sahabban da aka matsa wa a Makka wurin Najjashi suka samu mafaka, sarkin Habasha Kirista. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Accra a 2019, ya fito da rawaninsa da addininsa. Abin kunyar shi ne a ci a goge baki, sannan a zagi mai abincin.

Titi ɗaya ne ya raba Ayigya da jami'ar KNUST. 'Ya'yanmu sun tsallaka shi, akwai likitoci da masu haɗa magani da ma'aikatan jinya a cikinsu, waɗansu suna aiki a Komfo Anokye. Wace rana wani kwamitin masallaci ya kira su ya ce ga rumfa, ga kujeru, ga kuɗin magani, ku zo Asabar? Kafin a kai ga haka ma, akwai aikin da ba ya buƙatar likita. Kowane masallaci ya rubuta sunayen tsofaffi da gwauraye da marayun layinsa waɗanda katinsu ya mutu, a sabunta musu daga abin da aka tara ranar Juma'a, Juma'a mai zuwa kuma ma'aji ya tashi bayan sallama ya karanta nawa aka tara, nawa aka kashe, kati nawa aka biya.