A Auna Kafin A Sha

Yau kunya zan ajiye gefe, don mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani.

Sau huɗu cikin shekara guda ciwon nan ya kama ni: zafin fitsari, ciwon mara, da yawan zagayawa. A nan Ƙofa sunansa ɗaya ne, sanyi. Ki aiki yaro kemis ya sayo kafso na kwana biyu, da kin ji sauƙi ki watsar. Haka na sha Septrin, na sha Cipro, na haɗa da jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika ranar kasuwa.

Sai da zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka kwantar da ni maigida ya kai ni Katsina. Aka yi awon fitsari, bayan kwana uku sakamako ya fito. Ƙwayar cutar E. coli ce, wadda mazauninta hanji ne, ita ce kuma ke jawo mafi yawan irin wannan ciwo. Likita ta ce, "Baiwar Allah, wannan ta saba da magungunan da kike sha." Ashe da kuɗina na yi ta horar da ita!

To magungunan kariya da ake talla a WhatsApp fa? Binciken da aka yi a Ingila, wanda ya fito a 2024, bai ga amfanin garin D-mannose wajen hana ciwon dawowa ba. Cranberry kan rage dawowarsa ga wasu mata, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kama. Wani bincike na 2018 kuwa ya nuna ƙarin lita ɗaya da rabi ta ruwa a kullum ya rage dawowarsa da kusan rabi ga mata marasa yawan shan ruwa. Maganin yana cikin randa, muna nemansa a waya.

Na san kuɗin mota da na awo ba wasa ba ne. Amma da na lissafa abin da na kashe a kemis, ya zarce su. Ga shi ba kowane ciwon mara ne sanyi ba: jini a fitsari na iya zama tsargiya, yawan dawowar ciwon kuma na iya zama alamar ciwon suga. Mai juna biyu ita ce ma bai kamata ta jinkirta ba, don yana iya hawa ƙoda.

Ku mazaje, ku daina cewa "ai ciwon mata ne." Ku kai su a auna, ku tsaya a shanye maganin yadda likita ya rubuta.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.