Yaƙin Bature ne, to jinin na wa ne?

A unguwannin Nima da Mamobi na Akara, da an taɓo tarihin Zango sai a ɗauko fataken goro da malamai, a rufe littafi. Ka ambaci soja kuwa, sai a yamutsa fuska a ce: "Ai wannan yaƙin Nasara ne, ba ruwanmu." Na gaji da jin wannan magana, domin rabin gaskiya ce, kuma mu take cuta.

Ba na wanke kowa. Dakarun da Kyaftin Gulofa ya tara, waɗanda aka yi ta kira Hausawa, da su Ingila ta yaƙi Asante a 1874, da irinsu kuma aka murƙushe tawayen Yaa Asantewaa a 1900. Abin kunya ne, a faɗe shi. Amma ba a binne kaka don ya taɓa yin abin kunya. Da yawansu ma ba Hausawa ba ne. Gurunshi ne da Mosi da Dagomba da Zabarmawa, wasu daga bauta suka gudo, Hausa ce ta haɗa su a bariki kamar yadda take haɗa mu a Zango yau.

Alhaji Gurunshi, na rundunar Gwal Kos (Gana ta yau), shi ake dangantawa da harbin farko na sojan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo, cikin Agustan 1914. Yara nawa ne a makarantunmu suka san sunansa? A yaƙi na biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka shiga dazuzzukan Bama, suka ƙwaci Myohaung daga hannun Japan a Janairun 1945. Kullum muna wuce Burma Camp, muna sauka a tashar 37, gaban asibitin da aka buɗe a 1941 saboda wannan yaƙi, amma ba mai tambayar inda sunayen suka samo asali. Waɗanda suka dawo da rai su ne suka yi maci a Akara ranar 28 ga Fabrairun 1948 suna neman haƙƙinsu, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, gari ya hargitse, hanyar 'yancin 1957 ta buɗe.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. A 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, Zango ya ga tashin hankali, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Har gobe akwai mai kallon ɗan Zango a matsayin baƙo. Mu kuma da hannunmu muke jefar da hujja mafi ƙarfi, wato jinin da kakanninmu suka zubar cikin kakin sojan ƙasar nan.

Biyi Bandele na Najeriya, ɗan tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, ya mai da labarin ya zama ƙagaggen littafi, Burma Boy, a 2007. Ina namu, da Hausar Nima?

Marubutanmu, ba sai kun sami kuɗin jirgi zuwa Bama ba. Ku je maƙabartar sojoji ta Osu ku karanta sunaye, ku leƙa gidan tarihin soja na Kumasi. Kafin nan ma, ku roƙi tsohuwar gidanku ta buɗe akwatin da lambobin yabon mahaifinta suke, ku zauna ku rubuta abin da za ta faɗa tun tana iya faɗa.