Kafin Tsohuwar Kwamfuta Ta Bar Hannunmu

Kwanakin baya a Sabon Titin Mandawari na ci karo da wani ɗan gwangwan ya lodo kwamfutocin tebur guda uku a baro, haɗe da tsofaffin tukwane. Na tambaye shi ko an cire musu rumbun ajiyar bayanai. Ya dube ni da mamaki, ya ce shi ƙarfe ya saya. Ban ga laifinsa ba. Laifin yana wuyan wanda ya sayar, kuma ina fargabar cewa da yawanmu malamai haka za mu yi.

'Yan uwa, mu tuna abin da muka zuba a cikin waɗannan na'urori tsawon shekaru: sakamakon jarrabawa, sunayen ɗalibai da ranakun haihuwarsu, lambobin wayar iyayensu, takardun albashinmu, lambobin BVN da NIN, har da hotunan iyali waɗanda ba ma so baƙo ya gani. Wani zai ce ai ya goge. Goge fayil tamkar yage shafin ƙumshiya ne daga littafi. Darussan suna nan daram har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma akwai manhajojin da ke tono su cikin sauƙi. Tun shekarar 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan wasu. Ko da babu doka ma, bayanan ɗan wani amana ne a hannunmu.

Sai dai ba kowace kwamfutar da ta ƙi tashi ce ta mutu ba. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ko batir ya gaji, ko caja ta ƙone. Mai gyara nagari, irin waɗanda ake samu a Titin Beirut, zai share ta, ya sauya tsohon rumbu da sabon samfurin SSD, sai ka ga ta miƙe kamar ba ita ba. Gaskiya ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, amma ana iya sanya mata Linux kyauta. Buga tambayoyin jarrabawa ba ya buƙatar sabuwar na'ura. Haka ma koya wa yaro sarrafa madannai, ga shi tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Da albashin malami a yau, wa ke da kuɗin sabuwa?

Wurin gyaran ma sai da lura. Ka kwafe bayananka tukuna. In matsalar ba ta shafi rumbu ba, a kwance shi a gabanka ka tafi da shi gida; a yawancin tsofaffin kwamfutoci aikin 'yan mintuna ne. In an sauya shi, ka karɓi tsohon, kada kunya ta sa ka bar shi a kan teburin mai gyara. Wanda ya lalace sarai kuwa, a huda shi ko a farfasa shi da guduma kafin ya shiga buhun gwangwan.

Ina roƙon shugabannin reshenmu su sanya wannan batu a ajandar taro mai zuwa. A nemo mai gyara amintacce guda, a daidaita da shi kan farashi, a ware wata Asabar da kowa zai kawo tasa, ta gida da ta makaranta, a duba su a gaban masu su.