Amurka ta janye rangwamen haraji kan motocin lantarki: arahar da ke tafe Madawa, Buza da Keita

Tun ranar 30 ga watan Satumba 2025 gwamnatin Amurka ta daina yafe haraji ga masu sayen motocin lantarki. A da, mai sayen sabuwa yana samun rangwamen da ya kai dala 7,500, mai sayen ta hannu kuma har dala 4,000, muddin farashinta bai wuce dala 25,000 ba. Dokar da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga watan Yuli ce ta soke duka biyun. Labarin ya yi nisa da jihar Tawa, amma yawancin motocin da ke yawo tsakanin Madawa, Buza da Keita na hannu ne, kuma da dama daga kasuwannin gwanjon Amurka da Turai suke fitowa. Abin da ya taɓa farashi a can yakan iso nan, ko da a makare.

A ƙa'ida, idan sabuwar mota ta ƙara tsada, masu saye sukan koma kan ta hannu, farashinta ya hau. Sai dai abubuwa biyu suna danne wannan hauhawar. Na farko, kamfanoni suna karya farashi da kansu don kada kaya su kwanta musu: Hyundai ya rage kusan dala 10,000 a kan wasu samfuran Ioniq 5, kuma duk lokacin da sabuwa ta sauka, dole ta hannu ta bi ta. Na biyu, Amurkawa da yawa hayar shekara biyu ko uku suka ɗauki motocin, domin rangwamen ya fi saukin samu ta wannan hanyar. Waɗannan motoci za su riƙa komawa hannun dillalai daga 2026 zuwa 2027, a daidai lokacin da masu saye suka ragu. Jamus ta riga ta ga haka: ta soke nata tallafin a watan Disamba 2023, cinikin sababbin motocin lantarki ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a 2024. Motar da ta rasa mai saye a gida kuwa, jirgin ruwa take jira.

Arahar Amurka ba ta isowa Madawa yadda ta taso. Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023 iyakar Nijar da Benin a rufe take, hanyar Kwatano da ƴan kasuwa suka saba ta toshe. Kaya na biyowa ta Lome da Burkina Faso, cikin ayarin da sojoji ke rakiya, ga tsawon tafiya ga jinkiri. A watan Maris 2025 ƙasashen AES sun ƙara harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga waje. Idan aka haɗa kuɗin jirgi, na duwan da na ɗauko mota har gida, rabon mai saye daga ragin ba zai taka kara ya karya ba. Ƙofar da ta fi kusa ita ce Najeriya, wadda ta cire harajin VAT kan motocin lantarki a watan Oktoba 2024. Daga Sakkwato zuwa Konni ko Bangi ba nisa.

Ko motar ta iso, sai an samu wutar da za ta sha. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma mazauna jihar ba su manta da duhun da suka shiga ba lokacin da aka katse layin a watan Agusta 2023. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma ba ta kawar da yankewar wuta ba. A gefe guda, litar man fetur ta sauko zuwa sefa 499 tun watan Yuli 2024. Direban da ke jigilar fasinja daga Buza zuwa Keita zai tambayi inda zai yi caji idan batir ya ƙare a tsakiyar duwatsun Adar, alhali kwalbar mai tana nan a kowane gari.

Babban haɗarin yana cikin batir. Shi ne kaso mafi tsada a jikin motar, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. A nan kuwa watannin Afrilu da Mayu sukan haura digiri 40. Garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 da ake bayarwa a Amurka, a wurin wakilan kamfani ake cin moriyarsa, ba a garejin unguwa ba. Kan cajin Amurka ma ya bambanta da na Turai da na Sin. Makanikin da zai kwance injin Toyota ido rufe bai taɓa buɗe batir mai ɗaruruwan volt ba. Tsohuwar mota mai mai idan ta lalace a gyara ta. Mai lantarki idan batirinta ya mutu, kuɗin sabo kan iya fin abin da aka saye ta.

Wanda dillali ya kawo wa tayi, ya nemi shaidar lafiyar batir kafin ya yi maganar kuɗi, ya gwada motar daga cikakken caji ya ga kilomita nawa za ta kai, ya kuma tabbatar ba ruwa ko haɗari ne ya fitar da ita daga Amurka ba. Hukumar duwan ma tana da rawar takawa: ta wajabta takardar gwajin batir kafin a fanshi mota, don kada ƙasar ta zama juji.

Inda lantarki zai fi saurin samun gindin zama a yankin shi ne babur da keke mai ƙafa uku. Batirinsu ƙarami ne, ƴan allunan sola sun ishe shi, kuma manoman albasa na kwarin Tarka sun riga sun saba da famfon ban ruwa mai aiki da rana. Ɗan kabu-kabun Madawa da ya ji jiki da ƙarancin man watan Maris 2025 ya fi kowa sanin lissafin. Idan gwamnati za ta yi rangwamen haraji, a nan ya kamata ta fara, ta kuma faɗi tun farko ranar da zai ƙare, domin mai saye ya san abin da babur ɗinsa zai yi daraja ranar da zai sayar.