A duba cikin gada tun ba ta karye ba

Ranar 14 ga watan Agusta 2018, gadar Morandi ta birnin Jenowa, a ƙasar Italiya, ta karye, mutum 43 suka rasu. Ƙarafan da ke riƙe da ita suna lulluɓe cikin siminti, tsatsa tana cin su inda ido ba ya kaiwa. Ma'aikata sun san da tsatsar, an tsara gyara, amma gada ba ta jira ba.

Yau akwai dabarar leƙa cikin siminti ba tare da an fasa shi ba. Ana harba masa igiyoyin maikurowef, irin waɗanda ke ɗumama abinci cikin tandar lantarki, sa'an nan a ɗauki hotonsa da kyamara mai ganin zafi. Ruwan da ya kwanta cikin tsaga yana shan igiyoyin fiye da busasshen siminti, sai ya ɗau zafi, wurin ya fito fili a hoto. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Mizuri, a Amurka, tana cikin masu wannan bincike.

Dabarar tana da iyaka. Igiyoyin ba su ratsa ƙarfe, kuma aibin da ya yi zurfi, zafinsa yakan watse kafin ya iso sama. Wanda ya ce na'urar tana ganin kome, talla yake yi.

To, me ya kamata ma'aikatar ayyuka ta yi? Gadar Kennedy ta Yamai tun 1970 take ɗaukar kaya, ga kadarkai barkatai bisa hanyar Maraɗi da Damagaram, waɗanda ruwan damina ke duka kowace shekara. Kada a soma da na'ura mai tsada. Rana kanta tana yin rabin aikin kyauta: inda siminti ya rabu da na ƙarƙashinsa, iska ta shiga tsakani, wurin yakan fi kewayensa zafi da rana, ya riga shi hucewa da dare. Kyamara kaɗai ta isa ta nuna wannan. Maikurowef sai a bar shi don ƙarƙashin gada, inda rana ba ta shiga.

Abin da ya fi na'ura wuya shi ne mutum mai iya karanta hoton, domin inuwa ko ɗigon mai suna iya ruɗin wanda bai ƙware ba. Ya kamata a horar da ƴan ƙasa, a riƙa zagaya gadoji bayan kowace damina, kuma a ware kuɗin gyara cikin kasafin da aka sa kuɗin binciken.