Olsa: A Daina Ɗora Wa Azumi Laifin Da Ba Nasa Ba

'Yan'uwa, ina so in yi amfani da wannan fili in taɓo wata matsala da ta zama ruwan dare a tsakaninmu matasan cikin birni, wato gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa. Da wuya ka zauna a majalisa a Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi a tashi ba ka ji wani ya dafe ƙirji ya ce olsarsa ta motsa ba. In ka tambaye shi wane likita ne ya auna shi, sai ya ce ai mai kemis ne ya faɗa masa. In ka ce to me ya kawo ta, amsar ɗaya ce: yunwa, azumin Litinin da Alhamis, zaman karatu ba a karya ba. Har ta kai wasu iyayen suna hana 'ya'yansu azumin nafila, wai kada ciki ya huje. Masu neman abin da za su soki addini da shi kuwa sun samu abin faɗa a ɓagas.

To, wannan magana ba haka take ba. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama a jikin bangon tumbin ɗan Adam, wadda ake kira Helicobacter pylori. Manyan likitocin lokacin suka yi musu dariya, don a ganinsu ba abin da zai rayu cikin ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa. Sai Marshall ya ɗauki ƙwayar ya shanye a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel a kan wannan aiki. Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta raunana yauƙin da Allah Ya shimfiɗa a bangon tumbi don kariya, sai ruwan tsami ya samu ƙofa ya ci naman ya bar gyambo. Ita ce ke haddasa mafi yawan olsa a duniya, kuma tun 1994 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi. Yunwa dai tana iya tayar da zafin gyambon da ya riga ya samu, amma ba ita ta haƙa shi ba.

Ta ina ake ɗaukar ƙwayar? Galibi tun ana yara, ta hanyar ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa, da cunkoson jama'a a gida ɗaya. A nan ne ya kamata kowa ya dubi unguwarsa. Rijiya tana nan, shadda tana can, taku kaɗan ne tsakaninsu. Kwata tana gudana a ƙofar gida, ga kududdufai, ga Jakara da kowa ya san abin da take ɗauke da shi. Akwai matatar ruwa a Challawa tun zamanin Turawa, an ƙara ta Tamburawa, amma lunguna nawa ne a cikin ganuwa famfonsu ke kawo ruwa? Talaka sai ya jira mai kura, ya sayi jarkar da bai san inda aka ciko ta ba. Waɗanda aka damƙa wa amanar shayar da al'umma suna shan ruwan roba a ofis, sannan a zo a ce wa yaro azuminsa ne ya ci masa ciki!

Sababi na biyu kuwa da hannunmu muke saye. Ɗan'uwa ya wuni yana dako a Kurmi ko yana fama da Adaidaita Sahu, da yamma sai ya biya kemis a haɗa masa "maganin gajiya". Me ke cikin haɗin? Ibuprofen, diclofenac, piroxicam, wani ma ya ɗora da garin Alabukun, wanda asfirin ne a cikinsa. Dukkansu suna rage wannan yauƙi mai kare tumbi, musamman in an sha ba komai a ciki, kuma kullum. Sigari ma tana hana gyambo warkewa. Shi kuwa barkono da ake ta tsine wa, iyakarsa ya tayar da raɗaɗi.

Sai kuma masu lasifika. Ana sallame Juma'a za ka same su sun ja mota sun tsaya, kwalba ɗaya wai tana maganin olsa da basir da taifot da shawara da sanyi, ga kalaman batsa da ko a gaban yara ba sa jin kunyar furtawa. Ba wanda ke musun cewa Allah Ya sanya waraka a itatuwa. Amma wanda bai auna ka ba, yaya aka yi ya san ciwonka? Sun mayar da komai basir, alhali jinin da ke fita a bayan gida yana iya zama wani abu daban mai tsanani. Haka jiƙa kanwa, da shan madara, da farin ruwan nan na kemis: su kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, ƙwayar tana nan tana ɓarna.

Alhamdu lillahi, ciwon yana da magani kuma ana rabuwa da shi. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, in ta kama a zura ƙaramar kyamara ta maƙogwaro a leƙa tumbin. Ga Asibitin Murtala nan kusa da Ƙofar Mata, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In an same ta, likita kan haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, kamar amoxicillin da clarithromycin, da mai rage tsami irin omeprazole, a sha kwana 10 zuwa 14. Inda muke faɗuwa shi ne mutum ya sha kwana uku ya ji sauƙi ya ajiye, ko ya sayi kafso biyu gwargwadon kuɗinsa. Wannan horar da ƙwayar ne kawai, gobe ta daina jin maganin.

Kada kuma wani ya fahimce ni a baibai. Wanda gyambonsa ke ɗanye, azumi na iya ƙara masa wahala, har ya jawo zubar jini. Shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama in ya warke, balle nafila. Taurin kai a wannan wuri ba taƙawa ba ne. Likita amintacce ne zai ce ka yi ko ka dakata, ba abokin majalisa ba. Duk wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko ciwo ya turnuƙe shi farat ɗaya ciki ya ƙame kamar katako, to a kai shi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Na san abin da wasu za su ce: ina kuɗin gwaji? Gaskiya ne. Amma mu da muke haɗa taro da sisi mu yi hayar mota zuwa wa'azi, mu sayi lasifika da tabarmi, ba za mu gagara haɗa wa ɗan'uwa guda kuɗin gwaji da maganin mako biyu ba. A cikinmu akwai ɗaliban aikin jinya da masu aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Masu kula da zaman karatu a kowace unguwa su ware musu rabin awa bayan darasi su yi wa 'yan'uwa bayani, a kuma fara da tafasa ruwan randar makarantunmu na Islamiyya da ajiye sabulu a bakin bayan gida.